Taku Ɗaya a Gaban Eriya

Mesteceni, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Smaranda 'yar Floarea,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke riga rediyo sanar da ni za a yi ƙanƙara. Saniyarmu ta haihu, ɗan maraƙi ja mai farin goshi, uwa da ɗa duk ƙalau.

Na san sai kin juya takardar nan kin duba bayanta kafin ki gane mai rubutu. Ni ce Profira, matar Ilarie mai kaɗa ƙararrawar coci. Kakarki Todosia da mahaifiyar Ilarie 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka ko kin ƙi ko kin so ni gwaggonki ce. Rabona da ke tun kina 'yar shekara bakwai, da kika zo dogon hutu kika faɗa cikin kwatarniyar cukuna. A wurin uwarki na samo adireshinki. Ita ce ta ce mini aikinki ke nan a Cluj, yawo da na'ura kina auna abin da wayoyi da eriyoyinsu ke fesawa cikin iska. Na ce to abin nema ya samu.

Ga abin da ya sa na dame ki. A watan Oktoba mutanen kamfanin waya suka zo da wasu dogayen fararen akwatuna uku, suka kafe su a hasumiyar cocinmu, can sama ta wajen baranda, bayan wasu siraran kataka, yadda ba a ganinsu daga ƙasa. Fada Partenie ne ya yarda. Gaskiya tun daga lokacin an huta da hawa tudun Gavrila neman sabis, kowa yana hira da 'ya'yansa na Italiya daga bakin murhu. Amma kin san mutanenmu. Kazar Zamfira ta daina ƙwai, Zamfira ta ce eriya ce. Nechita ya ce kansa na sarawa kowace safiya, shi ma eriya ce, ba wannan barasar da yake dafawa a bayan rumbu ba. Ni ban gaskata su ba, ban kuma ƙaryata su ba. Na dai naɗe wayata cikin farar takardar alminiyon ta gasa nama, na sa ta a tukunyar ƙarfe na rufe, sai ranar Lahadi nake fito da ita. Shi ya sa kika ga wasiƙa kamar a zamanin kakarki.

Damuwata Ilarie ne. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma safe da yamma yana gindin hasumiyar nan yana jan igiya, akwatunan suna bisa kansa. Na ce masa, "Kai tsoho, ba ka jin komai a jikinka?" Ya ce, "Ina ji mana, yunwa. Zubo tuwon masara." Haka yake, ba a yin maganar arziki da shi.

Ki faɗa mini gaskiya, 'yata, ba irin ta ofis ba. Abin nan zai taɓa mini miji ko ba zai taɓa ba? Uwarki ta ce tun kina ƙarama ba a iya sa ki ki ce fari baƙi ne, to yau ga ranarki.

Gwaggonki,
Profira

Cluj, 18 ga Fabrairu

Gwaggo Profira,

Na karɓi gaisuwarki hannu bibbiyu. Ina lafiya, sai ɗan tari da iskar saman rufin gidaje ta bar mini. Barka da haihuwar saniya. Maganar kwatarniyar cuku kuwa, na ɗauka duk shaidun sun manta, ashe da sauran ɗaya.

Kin ce in faɗa miki gaskiya ba ta ofis ba. A wajena guda ce, Gwaggo, shi ya sa wani lokaci ko a ofis ɗin ba a murna da ganina. Abin da waya da eriya ke fitarwa dangin abin da rediyonki ke kamawa ne. In ya taru da yawa ƙwarai a wuri guda, yana ɗumama naman jiki. Saboda haka aka yi masa iyaka, aka kuma ajiye iyakar can ƙasa, nesa da inda ɗumin ke farawa, domin yara da tsofaffi da marasa lafiya. Aikina in je in auna in ga ko an tsallake ta. Shekarata tara ina yi, kuma a kan titi ko a ɗakin mutane ban taɓa samun abin da ya kusance ta ba.

Akwatunan nan kamar tocila suke, gaba suke haskawa, ba sa zubowa ƙasa. Kawu Ilarie da ke gindinsu yana jan igiya a inuwa yake, ki kwantar da hankalinki. Wuri ɗaya ne nake cewa a kiyaye: kada mutum ya je ya tsaya daf da fuskar akwatin, taku ɗaya ko biyu, alhali yana kunne. A nan kam ana iya wuce iyaka, ko ma'aikatan da ke hawa gyara ba sa kusantarsa sai an kashe. Amma wannan can sama ne, ba mai aiki a wurin sai tattabaru.

Don Allah ki fito da wayarki daga tukunya. Waya kamar mai kiran wani ce a ƙetaren kwari, in ya yi nisa sai ta ɗaga murya. Lokacin da kuke hawa tudun Gavrila da sabis sanda ɗaya, ihu wayoyinku suke yi a jikin kunnuwanku. Yanzu da eriya ta matso, raɗa suke yi. In kin naɗe ta a takarda kin mai da ita gidan jiya ke nan. In har zuciyarki ba ta natsu ba, ki sa ta a sifika ki ajiye a kan tebur, tazarar hannu ɗaya ma tana rage abin sosai.

Ki gaya wa Gwaggo Zamfira kaji sukan rage ƙwai a lokacin sanyi tun kafin a ƙirƙiro waya. Ciwon kan Nechita kuwa, ba a ba ni na'urar auna abin da ke bayan rumbu ba. A gaishe mini da Kawu.

'Yarki,
Smaranda

Mesteceni, 27 ga Fabrairu

Smaranda 'yata,

Ina gaishe ki. Tarin nan ki sha shayi da zuma, ki kuma daina fita da kai a buɗe. Jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya.

Takardarki ta zo ranar Juma'a, na karanta ta sau uku. Kin iya bayani, Allah ya yi miki albarka, ko ni da na tsaya a aji huɗu na gane. Waya ta fito daga tukunya. Sai dai da na zo kan maganar tattabaru gabana ya faɗi. Ke ba ki taɓa yin Ista a nan ba. Kawunki yana da aiki a wurin.

Kin san daga Alhamis ta makon Ista har zuwa Asabar ba a kaɗa ƙararrawa, toaka ake bugawa, wato katako. Ƙaramar da ke harabar coci kowa na iya taɓa ta. Babbar kuwa, wadda ta fi ƙyauren ƙofa tsawo, a barandar hasumiya take rataye, kuma sau ɗaya a shekara ake hawa wurinta, kwana uku, sau uku a rana. Shekara hamsin da ɗaya Ilarie ke bugun ta da gudumomi biyu. Har ƙauyuka uku ake jin ta. Yakan fara a hankali kamar ruwan sama na neman sauka, sai ya yi ta ƙara sauri har ka rantse mutum huɗu ne a sama. Kada ki faɗa wa kowa, saboda bugun nan na aure shi, don dai ba kyau ne da shi ba. Ranar da mutanen kamfani suka tambayi Fada ko ana hawa sama, ya ce a'a, daga ƙasa ake jan igiya. Bai yi ƙarya ba, bawan Allah. Oktoba ce, wa ke tuna Ista a Oktoba?

Abin da ya kamata in yi shi ne in je wurin Fada ni kaɗai. Maimakon haka sai na tare shi a ƙofar coci bayan sujadar Lahadi, mata suna tsaitsaye, na karanta masa layin nan naki na taku ɗaya ko biyu da ƙarfi. Layin kaɗai na karanta, ban haɗa da na gabansa da na bayansa ba. Magana zarar bunu ce. Zamfira ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko! 'Yar gwamnati da bakinta ta ce ko ma'aikatansu ba sa kusantarsa. Mu ne shanun da za a kafa wa a ka?" Na ce, "Ke Zamfira, taku biyu ta ce, gidanki ya fi taku dubu." Ta ce, "Kazata ta san lissafi ne?" Kafin yamma Nechita ya fara bin gida gida da takarda, ana sa hannu a cire akwatunan.

Fada kuma ya sa kwaɗo a ƙaramar ƙofar da ke hawa baranda, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce ba zai ɗauki alhakin tsoho ba, bana a yi da ƙaramar toaka. Ilarie ya shigo gida ko hularsa bai cire ba, ya ce, "Wa ya aike ki?" Na ce, "Ba na so in zama gwauruwa saboda katako." Ya dube ni ya ce, "Ai kin zama." Tun daga ranar bai ƙara yi mini magana ba.

Ki amsa mini da sauri. Zai iya hawa ko ba zai iya ba? Ista ranar ashirin ga Afrilu ce.

Gwaggonki,
Profira

Mesteceni, 17 ga Maris

Smaranda,

Ina fata lafiya ce ta kawo shirun. Kwana goma sha takwas ke nan ina fita bakin ƙofa duk ranar da mai kawo wasiƙa za ta wuce, har ta fara kaɗa mini kai tun daga kan gada don ta rage mini tafiya. Na nemi lambarki a wurin uwarki, na kira sau biyu, ba ta shiga.

In fushi kike yi saboda na tallata maganarki a ƙofar coci, kina da gaskiya, na ci amanar takardarki. Nechita yana ta faɗa a shago cewa kamfani ne ya toshe miki baki. Na ce masa wanda zai toshe bakin jikar Todosia ba a haife shi ba tukuna, amma da na dawo gida sai da na zauna na yi kuka.

An shiga azumi, miyar wake ce kullum, ita ma rabin kwano yake sha ya ture. Yana zuwa ya ja igiyarsa ya dawo. Gudumomin nan biyu da yake shafa wa mai kowane farkon azumi, bana bai sauko da su daga saman kabad ba. Jiya na iske shi a rumfar itace a zaune, yatsunsa suna bugun gwiwarsa, da ya gan ni sai ya cusa hannun a aljihu. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa cikin mako uku haka ba. Na so in tsare masa rai ne, ga shi ina kallo yana zirarewa ta wata ƙofar.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Profira

Cluj, 22 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Lafiyata ƙalau. An tura ni bakin teku mako uku da wayar aiki, tawa na bar ta a gida a kashe. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙasan ƙofa, a tsaye na karanta su ko jakata ban ajiye ba.

Ba fushi nake yi ba, kunya nake ji. Na rubuta cewa ba mai hawa wurin alhali ban taka wurin ba, ban kuma tambaya ba. A aikinmu wannan shi ne babban laifi. Duk ƙauyen sun karanta layin nan a karkace, ke kaɗai kika karanta shi daidai, domin ke kika san inda mijinki yake tsayawa. Fada ma ya yi daidai da ya rufe ƙofar.

Ba zan sake amsa miki daga kan tebur ba. Ranar Asabar, ashirin da tara ga wata, zan zo da na'urata a motar safe. Ki ce wa Fada ya tanadi makulli, ki ce wa Nechita da Gwaggo Zamfira su zo su tsaya a bayana su ga allurar na'urar da idonsu, gani ya kori ji. Ba na yi miki alkawarin amsa mai daɗi. Abin da na gani shi zan faɗa.

'Yarki,
Smaranda

Cluj, 4 ga Afrilu

Gwaggo Profira,

Na iso lafiya, ina fata na bar ku lafiya. Kwalbar zumar da kika cusa mini a jaka ta iso ba ta fashe ba. Wannan wasiƙar ki karanta ta a ƙofar coci in kina so, amma daga farko har ƙarshe.

Na auna wuri goma sha tara: harabar coci, gindin igiya, makaranta, shago, ɗakin kwananku, har akurkin kajin Gwaggo Zamfira. Ko'ina bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na iyaka ba. Ban manta da fuskar Nechita ba lokacin da na sa ya kira ɗansa daga cikin ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin ƙasa, inda sabis ke da rauni, allurar ta yi tsalle a jikin wayarsa fiye da duk abin da muka gani a titi. Ya ce, "Wato maƙiyin a aljihuna yake?" Na ce, "Shi ma bai wuce iyaka ba, Kawu, ka dai riƙa fitowa waje in za ka yi doguwar hira."

Yanzu abin da ba ki gani ba, domin gwiwarki ta hana ki hawa. Na hau barandar ni kaɗai, Kawu Ilarie ya tsaya a tsakiyar tsani. Ban buƙaci a nuna mini inda yake tsayawa ba. A gaban toaka akwai gurbi biyu a katakon daɓe, sun lotsa sun yi sumul, daidai tafin ƙafa biyu. Na daɗe ina kallonsu. Daga nan zuwa fuskar akwati taku ɗaya ne, kuma daidai bayan kan mutum take. Na miƙa na'urar wurin, ta wuce iyaka, ba da kaɗan ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, 'yar Floarea?" Na ce, "Kawu, in yana kunne ba za ka tsaya a nan ba." Na shirya wa faɗa. Sai ya ce, "Tsohuwar tana da gaskiya ke nan." Na ce eh. Ya ce, "Kada ki gaya mata na faɗa." Ga shi na gaya miki, ki yi kamar ba ki ji ba. Da muka sauko ya ɗauki cokula biyu ya buga mini a kan bencin harabar, na ɗan lokaci kaɗan. Gwaggo, na yi yawo a ƙasar nan, ban taɓa jin hannu irin wannan ba. A nan na ce wa kaina ba zan bar maganar ta ƙare a kan kwaɗo ba.

Ranar Litinin na kai rahotona. Injiniyan kamfanin ya ciro takardarsu ta Oktoba ya ga an rubuta ba a hawa wurin, ya dafe kai. Mutumin kirki ne, bai yi gardama ba. Za su ɗaga akwatunan sama da rufin baranda, amma sai tsakiyar Mayu. Na ce Ista ba ta jiran Mayu. Ya ce to tsohon ya haƙura bana. Na ce, "In ma'aikacinku zai hau, me kuke yi?" Ya ce ana kiran ɗakin kula da na'urori a kashe. Na ce to ku rubuta shi a matsayin mai hawa. Ya yi dariya ya ce ba su taɓa kashe wa ƙauye sabis saboda katako ba, kuma sai an sami wanda zai sa hannu ya ɗauki nauyin cewa tsohon zai bi ƙa'ida. Na sa hannu.

Ga ƙa'idar. Kwana uku, sau uku a rana, Fada zai kira su ta wayar tebur ta gidansa. Za su kashe akwatunan duka uku na minti arba'in. Na aiko da wata 'yar na'ura mai launin rawaya a wannan kunshin, irin ta masu hawa, a maƙala ta a ƙirjin rigarsa. Ya tsaya a kan matakin ƙarshe ya miƙa ta ta ƙofar baranda. In ta yi kuka, bai shiga ba. In ta yi shiru, ya shiga. Ko Fada ne ya ce an kashe, ko ni ce na faɗa, ita zai saurara. A lokacin ba sabis a ƙauyen, wanda ya sami larura ya je wayar gidan Fada.

Sunana yana kan takardar nan, Gwaggo. In ya shiga tana kuka, aikina ne ya tafi, amma ba wannan ne ke hana ni barci ba. Uwata ta ce mini Kawu bai taɓa jiran kowa ba a rayuwarsa.

'Yarki,
Smaranda

Mesteceni, 22 ga Afrilu

Smaranda, 'yar albarka,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ki da gaisuwar Ista, ina fata kin ci jan ƙwai da naman ɗan rago a wurin uwarki. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon.

Na karanta wasiƙarki a ƙofar coci tun daga kwanan wata har sa hannu. Takardar Nechita ta ɓace, ba wanda ya san inda ta shiga. Abin dariya, waɗanda suka fi kowa cewa a cire akwatuna su ne suka fi kowa ƙorafi da aka ce za a ɗauke sabis. Zamfira ta ce, "Minti arba'in? In 'yata ta kira daga Torino fa?" Na ce, "Sai ki ce mata kina akurki kina ƙirga ƙwai."

Ranar Alhamis komai ya tafi daidai, sau uku Fada ya kira, sau uku aka kashe. Ba zan iya kwatanta miki ba. Da wayoyi suka mutu sai mutane suka firfito ƙofar gida, ba abin dannawa, suka ɗaga kai sama.

Ranar Juma'a da yamma ne abin ya faru, kuma bugun Juma'a shi ne babba, na tunawa da jana'izar Almasihu. Harabar ta cika maƙil, har daga ƙauyukan ƙetaren rafi an zo, domin labari ya bazu. Fada ya kira, aka ce masa an kashe, ya fito ya ɗaga wa Ilarie hannu. Ilarie ya hau da gudumominsa a ɗamara. Muna ƙasa muna kallon ƙofar baranda ta buɗe, hannunsa ya fito, sai muka ji wani siririn kuka, tsit tsit tsit. Hannun ya koma.

Fada ya ɗaga murya ya ce, "Sun ce sun kashe, Ilarie!" Daga sama ya ce, "Ita ba ta ce ba." Aka dudduba wayoyi, ga sabis nan cike. Fada ya tattare doguwar rigarsa ya ruga gida. Daga baya muka ji wanda ke bakin aiki a ranar sabo ne, wata hasumiyar ya kashe a wani ƙauye mai kama da sunan namu, kuma da Fada ya sake kiran layin bai samu ba sai da ƙyar.

Minti biyar, minti goma. Mutane suka fara guna-guni, lokacin sujada yana wucewa, ga hadari ya haɗo ta bayan tudu. Nechita ya kafa hannu a baki ya ce, "Shiga mana, Ilarie! Shekara hamsin kana hawa ba ka mutu ba, minti goma ne zai kashe ka?" Wani ya ce, "Tsoho ya zama ɗan makaranta, sai an ba shi izini!" Aka yi dariya. Wata daga ƙetaren rafi ta ce ita dai ta san da ma hannun tsohon ya mutu, ake fakewa da na'ura. Wannan ta shige shi, na sani, domin na ga ƙofar ta motsa. Na rufe idona. Na san mijina. Mutumin da ya tsallaka rafi da keken doki ranar ambaliya don kawai an ce masa ba zai iya ba, taku ɗaya ne tsakaninsa da katakonsa, ga duk duniya tana yi masa dariya.

Sai na ji muryarsa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. Ya ce, "Yarinyar nan ta sa sunanta a kaina. Ku yi ta dariya."

Minti ashirin da biyar ya yi a kan matakin nan, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, a kan tsani, cikin iska. Kowane ɗan lokaci hannun ya fito, a ji kukan, hannun ya koma. Can sai wata mata ta ce, "Sabis ya tafi!" Hannun ya fito, ba a ji komai ba. Bai shiga nan da nan ba, sai da ya sake miƙa ta karo na biyu.

Abin da ya buga a yammacin nan ban taɓa jin irinsa ba, ni da na ji hamsin da ɗaya. Nechita ya cire hula. Matar ƙetaren rafi ta durƙusa a kan ciyawa. Ni kuwa kuka na yi ta yi ban ɓoye ba, kuma ba don bugun ba ne. Na daɗe da sanin hannunsa. Abin da ban sani ba shi ne yana iya tsayawa a bakin ƙofa.

Ke kuma, 'yata, ban san yadda zan yabe ki ba. Ba ki faɗa wa ƙauye abin da yake so ya ji ba, ba ki faɗa wa kamfani ba, ba ki faɗa wa tsohon ba. Da kika yi kuskure kika zo da ƙafarki kika gyara. Todosia tana kwance lafiya a kabarinta.

Da ya sauko sai da Fada ya riƙe shi. Ya ratsa mutane ana ta miƙo masa hannu bai tsaya ba, ya zo inda nake. Wata biyu bai kira sunana ba. Ya ce, "Profira, za ki rubuta wa yarinyar?" Na ce zan rubuta. Na ɗauka zai ce in gaya miki yadda bugun ya yi, ko yawan mutanen da suka zo. Ya kwance 'yar na'urar daga ƙirjinsa ya sa mini a hannu, ya ce, "Ki ce mata na jira."

To na faɗa miki. Ya jira.

Gwaggonki har kullum,
Profira